Atisayen sauri cikin rukuni: ribarsa da inda ake karyewa

Ƙannena masu fita gudu da asuba, yawancinku kuna yin kilomita biyar ko shida da sassarfa iri ɗaya kullum, har wata shida, sannan ku yi mamakin yadda lokacinku ya ƙi raguwa. Jiki ya riga ya saba da abin da kuke ba shi. Abin da zai motsa shi shi ne atisayen sauri sau ɗaya a mako: gudu mai ƙarfi na ɗan gajeren zango, hutu, sannan a maimaita. Mutum shi kaɗai da wuya ya jure wannan. A zagaye na huɗu, da haki ya taso, zuciya za ta ce masa ya isa haka. Idan kuwa akwai mutum biyar a gefensa suna jiran a ce "mu tafi", zai tashi.

Babbar ribar rukuni ita ce riƙe taki, wato tsayawa kan sauri ɗaya. Wanda ke gaba yana duba agogo, na baya suna bin kafaɗarsa kawai, ba su da aikin lissafi, kuma yana tare musu iska. Da wannan dabarar ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a watan Oktoban 2019, 'yan gudu 41 suna karɓa-karɓa wajen riƙe masa taki. A garin Iten na Kenya ma, ranar Alhamis jama'a kan fita tare kan hanyar ƙasa, a yi sauri na minti ɗaya zuwa uku, a sassauta na minti ɗaya, a sake. Sunan wannan salon fatlek, daga Suwidin ya samo asali, kuma bai buƙatar filin wasa. Agogo ɗaya da mai kiran lokaci sun wadatar.

Amma wannan kuzarin da rukuni ke bayarwa shi ne yake kai mutane gado da ciwo, kuma mu da muka daɗe a ciki a nan muka fi cutuwa. Kowa yana jin kunyar a bar shi baya, sai zagayen farko ya koma tsere. Wanda ya kamata ya yi mita 400 cikin minti 2 da daƙiƙa 15 sai ya yi cikin minti 1 da 50 don ya manne wa wani saurayi ɗan ƙwallo. Zuwa zagaye na uku ƙafafu sun yi nauyi, kafaɗu sun ɗage, taku ya lalace, sauran atisayen ya zama jan jiki. Ya sha wuya, bai samu komai ba.

Ka fitar da takinka daga gudun da ka taɓa yi, kada ka ɗauke shi daga na kusa da kai. Idan kana gama kilomita 5 cikin minti 30, kana cin kilomita ɗaya a minti 6 ke nan, wato mita 400 cikin minti 2 da daƙiƙa 24. To zagayenka na sauri ya tsaya tsakanin 2:12 da 2:18. Fara da guda shida, da hutun daƙiƙa 90 na tafiya ko sassarfa a tsakani, ka riƙa ƙara ɗaya duk bayan mako biyu har ka kai goma. Alamar ka yi daidai ita ce zagayen ƙarshe bai fi na farko jinkiri ba, kuma ka tashi da jin cewa da an ce a ƙara ɗaya za ka iya.

Saboda haka rukuni na gari kan kasu gida biyu ko uku gwargwadon ƙarfi, kowane gida da mai agogonsa, ana kuma sauya mai jan gaba a kowane zagaye. Idan mutanen sun bambanta ƙwarai, ku bar ƙirga nisa ku koma ƙirga lokaci: kowa ya yi minti biyu da iya ƙarfinsa, a busa usur, masu sauri su juyo da sassarfa su tarar da na baya, a sake tashi tare. Babu wanda aka wulaƙanta, babu wanda aka tauye. Ga masu zuwa filin wasa irin na Sani Abacha a Kano ko Ahmadu Bello a Kaduna, ku sani layin farko ne kaɗai mita 400. Layi na takwas ya haura mita 450, don haka kada ka kwatanta lokacinka da na wanda ke layin ciki.

Ɗumama jiki ba abin tsallakewa ba ne, ko da ka makara ka tarar an fara. Minti 10 zuwa 15 na sassarfa, sai gajeren gudu na mita 80 sau huɗu kana ƙara wuta a hankali. Tsokar bayan cinya da agara su ne ke fara ɓallewa idan aka afka sauri da jiki a sanyaye, musamman da sanyin hunturu. Ciwon ƙwauri kuma kan iya tasowa daga yin sauri kan kwalta da kambas da tafinsa ya cinye. Idan zafin ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa kana gudu, ka tsaya ka ga likita, kada ka biye wa masu cewa ka daure.

Wanda bai yi wata biyu ko uku yana gudu a kai a kai ba, ya dakata tukuna. Washegarin ranar sauri kuma hutu ne ko sassarfar da za ka iya hira a cikinta. A zafin Maris zuwa Mayu a gama kafin rana ta ɗaga, kowa da gorar ruwansa, wanda ya ji jiri ko sanyi na ratsa shi cikin zafi ya nemi inuwa nan take. Da azumi, ku mayar da atisayen zuwa awa biyu bayan buɗa baki, ku rage zagayen zuwa rabi.