Bashin da aka ci mini da fitilar Efiktetus

Duk wanda ya ce maka falsafar 'yan Stoa, wato wasu masu hikima na tsohuwar Girka da Roma, hanya ce ta daina damuwa da komai, bai taɓa gwada ta ba. Ni na gwada ta lokacin da wani tsohon abokin ciniki ya kwashi atamfa da shadda bashi a shagona, daga baya ya ce bai san zancen ba.

Ƙa'idar farko ta Efiktetus, ɗaya daga cikin malaman 'yan Stoa, ita ce ka ware abin da ke hannunka daga wanda ba ya hannunka. An haifi mutumin nan bawa a Hirafolis, cikin Turkiyya ta yau, gurgu ne, kuma Sarki Domitiyan ya kore shi daga Roma tare da sauran masu falsafa, ya koma Nikofolis ta Girka yana koyarwa. Wanda ya sha wannan, in ya yi maganar haƙuri ya cancanci a saurare shi. Sai na raba takarda gida biyu. Kuɗin, zuciyar wanda ya ci bashin, da abin da 'yan kasuwa za su ce, duk na zuba su a gidan da ba nawa ba. Wannan bai ba ni wahala ba, don Musulmi ya san ƙaddara tun yana makarantar allo.

Gida na biyun ne ya ba ni mamaki. Na zaci zan same shi fayau in huta, sai na tarar da bakina a ciki. Abin da zan faɗa a kan mutumin a majalisa, a hannuna yake ɗungurungum. Kuma na san sirrinsa da yawa, wanda in na saki ɗaya ba mai sake ba shi ko yadi guda. Efiktetus ya ba da labarin ɓarawon da ya sace masa fitilar ƙarfe: ya ce zai sayi ta yumɓu, shi kuwa ɓarawon ya biya fitilar da tsada, tunda da amanarsa ya saye ta. Na fahimci cewa in na tona masa asiri, ni ma na shiga irin wannan cinikin.

Wallahi kame bakin nan ya fi asarar kuɗin ciwo. Maƙwabtan shago suna cewa, “Alhaji, ka yi sanyi da yawa, ka fito da shi fili mana!” Wasu har suka fara zargin ko ba ni da gaskiya ne. Wannan zargin har yau yana ci mini rai.

Abin da ya riƙe ni shi ne al'adar Seneka, wani ɗan Stoa na Roma, wanda Sarki Nero ya tilasta wa kashe kansa a shekara ta 65 Miladiyya. Kullum dare, in an ɗauke fitila, yakan bi yininsa daki-daki yana tuhumar kansa. Tawa tambayar ɗaya ce: yau me na faɗa a kan mutumin nan? Da safe kuma na ari dabarar Markus Aureliyus, sarkin Roma daga 161 zuwa 180, wanda ke tuna wa kansa tun da sassafe cewa yau zai gamu da butulu da maƙaryaci. In ka shiga kasuwa da wannan shirin, ganin fuskar mutumin ba ya girgiza ka.

Kada kowa ya ɗauka na yafe bashin. Neman haƙƙina ma yana gidan da ke hannuna. Na kai ƙara wurin shugabannin kasuwa, na kawo yaran da suka ɗora masa kayan, na faɗi abin da ya shafi bashin kaɗai. An tilasta masa biya kaɗan-kaɗan, har yanzu bai gama ba.

Mai son gwadawa ya rubuta jerin nan da biro, kada ya bar shi a ka, don a ka mutum yakan ture abin da ya yi masa nauyi zuwa gidan ƙaddara. Kuma ya shirya wa surutun mutane tun kafin ya fara, domin a watannin farko kusan ba wanda zai ce masa ya kyauta.