Mdou Moctar, Mawaƙin da Ya Fara da Wayar Birkin Keke

A tashar mota ta Kamba na fara jin jitarsa, daga wayar wani direba da ke jigilar fasinja zuwa Gaya, kuma sai da na tambaye shi sau biyu kafin na riƙe sunan mawaƙin.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga Jamhuriyar Nijar. Danginsa ba su amince da kiɗa ba saboda dalilan addini, don haka ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da katako da wayar birkin keke, ya koyi kaɗawa da hannun hagu. Wannan labari yana taɓa zuciyata, domin na san yara a unguwarmu masu irin wannan baiwa waɗanda ba su sami mai ƙarfafa musu gwiwa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne a Sakkwato, nan kusa da mu, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a shekarar 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun bazu a yankin Sahel ta katin waya, daga hannu zuwa hannu, kafin su kai Amurka.

A 2021 ya fitar da kundin Afrique Victime, inda ƙarar jitar lantarki ta haɗu da kukansa kan yadda ake zaluntar Afirka. Da harshen Tamashek na Abzinawa yake rera yawancin waƙoƙinsa, kuma duk da ba na jin harshen, na kan saurare shi kowace yamma idan na tashi daga shago.