Tabarau da Ruwan Glasgo

Tun ina aji biyu na sakandare a Zariya nake saka tabarau, bai taɓa damuna ba sai da na zo Glasgo, a ƙasar Sikotlan. Garin nan yayyafi ne safe da yamma. In na fito daga sanyi na shiga bas, sai gilashin ya yi hazo, in tsaya ina laluben kati kamar makauniya, layi a bayana ba mai cewa uffan. Wallahi shirun nan nasu ya fi zagi ciwo. A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki kuwa, da na ɗaura takunkumi sai numfashina ya rufe min gani gaba ɗaya.

Wannan ya sa na koma neman kwantak lens, wato 'yar siririyar robar da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido a madadin tabarau. Da can abin da na sani game da shi shi ne na amare, mai launin toka ko ruwan zuma, wanda ake saye wurin mai kwalliya. Ban san magani ba ne.

Gwajin ido kyauta ne ga kowa a Sikotlan tun 2006, amma awon kwantak daban ne, shi ake biya. Lambar tabarau ba ta isa ba, sai an auna lanƙwasar ƙwayar ido, domin abin a kanta zai zauna. Matar da ta duba ni 'yar asalin Pakistan ce. Ta ce idona na hagu bai zagaye daidai ba, ya ɗan yi siffar ƙwai, don haka sai irin wanda ba ya juyawa in an ƙifta. Sannan ta ce in zaɓa: na wata guda, wanda za a riƙa wankewa ana jiƙa shi cikin ruwan magani kowane dare, ko na yini ɗaya, a cire a yar. Na watan ya fi araha, ni kuma kowane fam sai na lissafa shi da naira.

Na tambaye ta maganar alwala. Ta yi murmushi ta ce, "'Yar'uwa, nan ne gizo yake saƙa." Ruwan famfo, komai tsabtarsa, yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ke maƙalewa tsakanin lens da ido, har ta kai ga makanta. Ta ce in rufe ido sosai in zan wanke fuska, in ruwa ya shiga kuwa in cire. Mai wanke fuska sau biyar a yini, wanda kuma yake dawowa daga aikin dare a gajiye, na yini ɗaya ya fi masa. Shi na ɗauka, ina jin zafin kuɗin. Kwalli ma ta hana ni zizara shi ta cikin ido, wannan ya fi ba ni haushi.

Ranar koyon sakawa na kusa minti arba'in gaban madubi, hawaye shaɓe-shaɓe, ba su bar ni na tafi da shi ba sai da na saka na cire da hannuna.

Da daddare na kira Inna ta bidiyo. Ta ƙura min ido ta ce, "Ke, ina tabaran naki? Kin warke ne?" Na yi mata bayani. Ta yi salati, ta ce roba a cikin ido, Allah ya kyauta, ta miƙa wa ƙanwata wayar.