Ni da kekena da karnukan hanyar Bomo

Mai hawa keke a bayan gari ba ya rabuwa da yashi da ƙaya da kare. Yashi an san maganinsa, ka sauka ka tura. Ƙaya kuma aikin mai faci ne. Kare ne dai har yau mutane da yawa ba su san yadda za su yi da shi ba, kuma abin da aka fi yi, wato a taka feda da ƙarfi ko a sunkuya a ɗauki dutse, shi ne yake ƙara dagula lamarin.

A Samaru ta Zariya nake zaune, ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke wani ƙauye bayan Bomo. Kekena Phoenix ne irin na da, mai kariya a baya, wanda nake ɗaure littattafan yara a kai da roba. Da zarar na bar kwalta, sauran tafiyar duk a siririyar hanya ce da ta ratsa gonakin masara da dawa, ta bi gefen burtali, ta wuce ta gaban rugage da wasu gidaje na bakin gari. A nan nake haɗuwa da mata masu tallar nono, da 'yan makaranta, da masu kai itace kasuwa, da shanu, da karnuka. Babu wanda ya fi wani iko da wannan hanya. Karen da ke kwance a bakin ruga ba ɓatacce ba ne, aikinsa yake yi. An ajiye shi ne ya tsare garke da gida, kuma addini bai hana ajiye kare don kiwo ko noma ko farauta ba.

Sai da na fahimci dalilin da ke sa kare bin keke sannan hanyar ta yi mini sauƙi. Kare halittar farauta ne, duk abin da ya gifta da gudu yana tayar masa da sha'awar bi. Mai tafiya a ƙasa zai wuce ya ɗan yi masa haushi ya koma ya kwanta, amma taya mai juyawa da diddige mai hawa da sauka a kan feda sukan tsone masa ido. Ga kuma batun yanki. Kowane kare yana da iyakar da ya ɗauka tasa ce, kuma idan ka lura, yawancinsu a wuri ɗaya suke tsayawa kullum, kusa da wata bishiya ko kwanar gona, su juya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: duk lokacin da ya biyo ka ka tsere, a ganinsa shi ya kore ka. Gobe zai fito da ƙarfin gwiwa fiye da na yau. Masu gudu su ne suke koya wa kare bin keke, ba tare da sun sani ba.

Gudun ma ba ya fisshe ka. Lafiyayyen kare yana iya zarce kilomita 30 a awa a gajeren zango, kai kuwa kana kan yashi da kaya a kariya, da ƙyar ka yi rabin haka. Kuma ba cizo kaɗai ne haɗarin ba. Karen da ya shiga gaban tayar gaba kana tsakar gudu zai kifar da kai ta ka, shi ma ya karye. Na ga wani mai kai tumatir kasuwa da haka ta faru da shi a kan hanyar nan: kare bai taɓa shi da haƙori ba, amma kafaɗarsa ta goce, kwandonsa ya tarwatse.

Yadda nake yi ba wani abin mamaki ba ne. Tun daga nesa nake rage gudu idan na doso ruga, in kaɗa ƙararrawa, in ɗaga murya da sallama. Sallamar tana sanar da mutanen gida, tana kuma sanar da karen cewa mutum ne ke tafe, don kare da aka zo wa kwatsam ya fi saurin kai hari. Idan ya taso, sai in taka birki in sauka ta ɓangaren da ba ya nan, keken ya zama shinge tsakanina da shi. Idan ya zagayo, in juya keken tare da shi. Ba na zuba masa ido cikin ido, domin a wurin kare wannan neman faɗa ne. Nakan tsaya a karkace, hannuwana a kan keken, in ce masa "Kai!" da murya mai nauyi, ba da ihu ba. Abin da ya tayar da shi motsi ne, in motsin ya tsaya sai zafinsa ya sauka. Daga nan in ci gaba da tura keken a hankali, ban ba shi baya gaba ɗaya ba, har in fita daga iyakarsa sannan in hau. Mintuna kaɗan ne, kuma yawancin karnukan hanyar yanzu sun saba da ni, wasu ko kai ba sa ɗagawa.

Batun jifa yana damuna ƙwarai, saboda yara nake gani suna yi kullum. Yaro zai hango kare yana barci a inuwa, bai yi masa komai ba, ya ɗauki hoge ya kai masa. Karen da aka saba jifa yakan ɗauki duk mai wucewa maƙiyi, kuma wanda zai biya bashin ba mai jifan ba ne, ƙaramar yarinyar da za ta biyo baya da tiren talla ce. Nakan tuna wa ɗalibaina hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa Allah ya gafarta masa, da kuma cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Wanda ya harzuƙa kare a bakin hanya ya dasa abin cutarwa ne a kanta.

Ba duk karnuka ne wannan dabara take isa a kansu ba. Karya mai jego ba ta sauraron lallashi, in na san inda ta haihu nakan zagaya ta wata gonar har 'ya'yanta su yi wayo. Da rani kuma akwai ayarin mafarauta da karnukansu, masu fitowa da yawa jininsu a tafashe. In na hango su, nakan sauka tun kafin su iso, in koma gefe in gaisa da mutanen har su wuce. Karnuka a taro ba halinsu ɗaya da kare guda ba, ɗaya ya taso sauran duk su biyo.

Sai kuma wanda ya fi kowanne, mahaukacin kare. Shi ba ya gadin komai, ba shi da iyakar da zai tsaya ya juya. Za ka gan shi yana yawo ba alƙibla, miyau na dalala, muryarsa ta sauya ko ma ba ya haushi, yana cizon duk abin da ya tarar, ko itace ne ko ƙarfe. Wani kuma ba ya faɗa, sai dai bakinsa a sake kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro, kuma mai tausayin da ya sa hannu don ya cire masa ya taɓa miyau mai ɗauke da cutar. Irin wannan kare ba a tsayawa yi masa magana. Ka sa keken a tsakani, ka nemi katanga ko gida, ka sanar da jama'a.

Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samunsa. Kusan 4 cikin kowane mutum 10 da yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in waɗanda nake koyarwa. Ƙwayar cutar tana shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alamu su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar mutane. Rauni ya warke, an manta, sai wata rana mutum ya fara zazzaɓi da firgita da kasa haɗiyar ruwa. Idan aka kai nan, kusan babu mai tashi. Amma kafin a kai nan, ana iya tare cutar gaba ɗaya, kuma tun 1885 aka san haka, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da kare ya ciza allura a Faransa ya tsira.

Don haka duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko ya lashi wani rauni a jikinsa, abu na farko shi ne wanki. Sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta wankewa har minti 15, ba a ɗauraye a tashi ba. Shi ya sa ba na fita ba tare da gorar ruwa da guntun sabulu a jakar kekena ba. Bayan wanki sai asibiti a ranar, ko da raunin bai kai ƙwayar gero ba. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, wani tsarin kuma ana ƙara wata daga baya, kuma dole a kammala. Idan cizon ya yi zurfi ko yana kusa da kan mutum, akwai wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin. Na sha jin masu cewa a ƙona gashin karen a shafa, ko a ɗaura wani ganye. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe ƙwayar cutar, lokaci kawai suke cinyewa. Idan an san karen, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura. Idan kuwa an kashe shi, kada a jefar da gawar, a kira likitan dabbobi, domin ana gwada ƙwaƙwalwar a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Na taɓa raka mahaifin wani ɗalibina neman wannan allura. Asibitin farko babu, na biyu akwai amma kuɗinta ya fi ƙarfin aljihunsa, sai da ya sayar da akuya. Alhamdu lillahi yaron yana nan lafiya. Amma tun ranar nake ganin cewa nauyin da ya fi girma a wannan magana yana kan mai kare. Allurar rigakafin kare ba ta kai kusa da kuɗin ta mutum ba. Ana fara ta tun kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar takan daina yaɗuwa a wurin. Mu da muke Samaru ba mu da uzuri, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gidanmu.

A Ingila, dokar hanya ta ce mai kare ya riƙe shi da gajeriyar igiya a duk hanyar da masu keke suke bi. Wannan ya dace da masu fitowa da manyan karnukan Turawa da yamma a GRA, waɗanda wasunsu ke sakin doguwar igiya ta gitta hanya, mai keke bai gan ta ba sai ta harɗe shi. Amma ba zan je ruga in ce a sa wa karen garke igiya dare da rana ba, don ba zai yi aikin da aka ajiye shi dominsa ba. Abin da na roƙa ya fi haka sauƙi. Wata safiya na tsaya wurin dattijon rugar da karensa ya fi takura wa yara, muka gaisa, na tambayi iyali da garke, aka kawo mini nono a ƙwarya. Sannan na ce, "Baffa, wata alfarma na zo nema. Yaran nan da ke wucewa makaranta da safe suna tsoron baƙin karen nan. Ko za a riƙa ɗaure shi daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma lokacin tashinsu?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Malam, ai 'ya'yan duk namu ne. Amma kai ma ka ja musu kunne su bar jifansa. Ka ga idonsa na hagu? Dutse ne." Na duba, idon ya mutu. Na yi masa alkawari, shi ma ya cika nasa, har ya sa babban ɗansa ya kafa turke a bayan bukka, nesa da hanya.

Maganar allura ce ba mu gama ba. Baffa bai ƙi ba, amma ya ce ba zai iya jan karen garke har cikin gari ba, kuma gaskiyarsa ne, karen da bai taɓa shiga mota ba ba ya kamuwa da sauƙi. Abin da zai yiwu shi ne mai allurar ya zo inda karnukan suke. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma a irin wannan lokaci likitocin dabbobi sukan fita wayar da kai da yin rigakafi. Ni da shugaban makarantarmu mun fara magana da mai unguwa da Arɗo a kan a rubuta sunayen gidaje da rugagen da ke da karnuka a tsawon hanyar, har da na mafarauta, mu kai takardar ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma tun da wuri, mu roƙi a ba mu rana guda. Duk wanda ke bin wannan hanya kuma ya san gidan da ke da kare, ya gaya wa mai unguwa kafin a rufe rubutun sunayen.