Na bar injina a bakin Gongola

Shekarar da na fara noma a ƙasan madatsar Dadin Kowa, kaina rawa yake yi. Na ranci kuɗi wajen yayana, na sayi injin ban-ruwa sabo fil, na kama fili dab da bakin kogi don kada in kashe kuɗin doguwar tiyo. Tun a Satumba na zuba irin albasa, wai ni mai wayo zan riga kowa shiga kasuwa.

Wani baffana da ya tsufa a wannan fadamar ya ja ni gindin wata bishiya da ke bayan gonata. Ya ɗora yatsa kan tabon laka a jikinta, daidai ƙirjina, sannan ya nuna mini tsummokara da ledoji da suka maƙale a rassan ƙasa. Ya ce, "Ɗana, wa kake tsammani ya rataye su nan?" Na ce, "Baffa, ai damina ta wuce, dubi sama." Bai ƙara cewa uffan ba.

Abin da ban gane ba lokacin shi ne, Gongola ba ruwan garinmu kaɗai yake ɗauke da shi ba. Daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya zagayo ta Nafada kafin ya zube cikin tafkin. Sai a kwana ana ruwa a can, mu nan ko hadari babu. Madatsar kuwa, wadda aka gina a 1984, tana da iyakar abin da za ta riƙe. In ta cika a ƙarshen damina dole a buɗe ƙofofi. Yanzu ma ga tashar lantarki mai megawat 40, duk ruwan da ya juya injinanta kogin yake komawa.

An yi shelar za a saki ruwa, da kunnena na ji bayan sallar la'asar. Ƙyuyar ɗaukar inji a kafaɗa ce ta sa na ce gobe da sassafe. Da asuba na tarar da gonar ta zama gulbi. Kan tiyo kawai na hango yana lilo, ɗaure a turken da na kafa.

To ƙannena masu shirin noman rani, kafin ku biya kuɗin fili ku nemo tabon ruwan bara, ku kama sama da shi ko da tiyo za ta ci kuɗi. Kada inji ya kwana a bakin kogi, kuma a jira ruwa ya ja baya kafin a zuba iri. Ku kuma tambayi masunta inda dorina ke fitowa kiwo da dare, don ita ma ba ta san rance ba.

Sai da na yi rani biyu ina ƙwadago a gonar baffan kafin na biya yayana.