Cunkoso a Sashen Agajin Gaggawa

Daren jiya na kwana a sashen agajin gaggawa na wani babban asibiti, ina jinyar kawuna da hawan jini ya kayar. Gadaje sun cika, wasu majinyatan suna kwance bisa tabarma a baranda, har na ga wata baiwar Allah tsaye riƙe da ledar ƙarin ruwan ɗanta saboda babu ƙarfen ratayewa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kiwon lafiya a matakin farko, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun ne aka keɓe wa agajin gaggawa. A ganina wannan ya yi kaɗan matuƙa. Galibin waɗanda na gani likita ya riga ya duba su, gado kawai suke jira a ɗakunan kwanciya da su ma suka cika, wasu kuwa zazzaɓi ne ya kawo su domin ƙaramin asibitin unguwarsu ba ya aiki da dare. Ina roƙon hukumomi su zuba kuɗi wajen ƙara gadaje, ɗaukar ma'aikatan jinya, da buɗe ƙananan asibitoci dare da rana.