Godiya bayan jinyar idon Baba

Alhamdulillahi. Jiya bayan La'asar Baba ya hau keken ɗinkinsa ya zura zare a allura da kansa, karon farko cikin wata 3. Na ce yau kam sai na yi godiya a bainar jama'a.

Wata safiya ce cikin hunturun nan na Jos, Baba ya ɗauki buta zai zuba shayi, sai ya tsiyaye shi a kan tabarma. Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce kofi biyu yake gani. Kafin Azahar idonsa na dama ya karkata wajen hanci kamar mai harara-garke. Masu zuwa dubiya kowa da nasa, wani ya ce jifa ne, wani ya ce a sauya tabarau. Sati 2 muka ɓata muna ɗiga maganin da aka ba mu a wani kemis, laifina ne wannan, ni na sayo.

Godiyata ta farko ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ya duba shi a JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo. Biro kawai ya ɗaga ya ce, "Baba, bi shi da ido, kada ka juya kai." Da biron ya yi dama, idon ya tsaya cak a tsakiya. Ya sa aka rufe ido ɗaya, nan take abin da yake gani biyu ya koma ɗaya. Sannan ya zana mana a takarda: kowane ido tsoka 6 ke juya shi, jijiyoyi 3 ne daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni, ta uku da ta huɗu da ta shida. Ta shidan ita ke jan ido zuwa ɓangaren kunne, ita ce ta yi rauni, domin ciwon suga da hawan jini sun tsuke ƙaramar hanyar jinin da ke ciyar da ita. Ya tura mu hoton ƙwaƙwalwa na MRI don a tabbatar ba ƙari ba ne, ya ce irin wannan yakan warware cikin kamar wata 3 in an riƙe suga da jini.

Ashe kuma yana bincike a kan yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin ido. Ya nemi izinin Baba ya ɗauki idonsa da kyamara, ya nuna mana a kwamfuta cewa ido ba ya bin layin rubutu a sulale, tsalle-tsalle yake yi yana tsayawa. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Likita, ashe idon ma ɗan aike ne." Allah Ya ƙara masa basira, Ya sa albarka a wannan aiki.

Kawu, kai ka biya kuɗin hoto ba tare da an roƙe ka ba, Allah Ya mayar da ninki. Yaya da ta dage a kan abincin Baba har suka yi ta faɗa a kan sukari a koko, sannu da haƙuri. Yaran shago da suka ƙarasa ɗinkin mutane a kasuwar Terminus, da maƙwabtanmu na Anguwan Rogo da ke riƙe hannunsa zuwa masallaci lokacin da idonsa ɗaya ke rufe, Allah Ya saka da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Masu kaya a shago, Baba ya ce ran Litinin zai fito.